Marigayi Janar Murtala Muhammad: Sojan Da Ya So Rage Soja

Filinmu na tarihin mazan jiya a wannan fitowa ya sauka ne a kan mutumin da babu wanda bai san fuskarsa ba a nan Kwali, ko da kuwa bai san labarinsa ba. Kowa ya ɗauki takardar naira ashirin zai ga Janar Murtala a gabanta, in ya juya bayanta sai ga Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane ta garin nan, tana bakin aikinta. Mu kanmu a kasuwa ba kasafai muke cewa naira ashirin ba, murtala muke cewa.

Dalilai biyu ne suka sa muka zaɓo shi. Na farko, a zamaninsa ne aka yi dokar da ta sa garin da muke zaune cikin yankin babban birnin tarayya. Na biyu, duk sa'ad da aka buɗe ɗaukar kuratan soja, yaranmu kan yi ta kai da komo wajen haɗa takardu, iyaye kuma na sayar da abin hannunsu don kuɗin mota. To, ya kamata mu san irin aikin da suke nema, abin da yake ba mutum, da abin da yake ci na rai da na dukiya. Rayuwar Murtala, wadda duka-duka shekara 37 ce, ta isa ta nuna mana wannan.

Daga Kano zuwa Sandhurst

An haifi Murtala Ramat Muhammad ran 8 ga watan Nuwamba na 1938 a birnin Kano, a gidan da aka sani da malanta da alƙalanci. Ya yi karatun allo da elementare a cikin birni, ya shiga Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya gama a 1957. A 1958 ya shiga soja.

A wancan zamani, a ce ɗan gidan malamai mai ilimin sakandare ya sa kaki, ai abin a riƙe baki ne. Ba don Hausawa baƙi ne a bariki ba. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara 'yan mutane a Ikko ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga wannan ɗan gungu ne sojan Nijeriya ya samo asali. Da irin waɗannan sojoji ne Luga ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Shekara da shekaru da Hausa ake ba da umarni a fareti, kuma mutanenmu sun je har Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai iyakarsu kofur, saje ko samanja. Hafsoshi Turawa ne, mutanen gari kuwa kallon ɗan bariki suke wa soja, wanda ba a son ba shi 'ya.

Da mulkin kai ya matso, shugabannin Arewa suka lura cewa 'yan ƙasa da ke zama hafsoshi akasarinsu daga Kudu suke, domin su ne ke da takardun makaranta. Sai aka fito da tsarin rabo: rabin waɗanda za a ɗauka daga Arewa, kashi ɗaya cikin huɗu daga Gabas, kashi ɗaya cikin huɗu daga Yamma. An fara shi kan kurata a 1958, sa'an nan a 1961, zamanin Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu, aka faɗaɗa shi zuwa hafsoshi. Manya suka riƙa bin makarantu suna kwaɗaitar da yara. Murtala na cikin 'yan kaɗan ɗin da suka riga wannan kira.

An fara horar da shi a Teshie ta ƙasar Gana, aka wuce da shi Sandhurst a Ingila, ya fito ƙaramin laftana a 1961. Aka sa shi sashen sigina, masu kula da wayoyi da rediyon sadarwa na soja. Ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1962 kuma ya zama dogarin Dakta Majekodunmi, wanda aka ba riƙon Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya, a 1964 ya zama manjo. Kun ga shekara uku ke nan daga ƙaramin laftana zuwa manjo. Dalili shi ne Turawa na ta tafiya gida, guraben manya na ta buɗewa, sai aka riƙa ɗora wa samari nauyin da a wata ƙasa sai mai furfura. Sojan ƙasar gaba ɗaya a lokacin bai wuce mutum wajen dubu 10 ba. Mu riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Shekarar 1966

Daren 15 ga watan Janairu na 1966 wasu manjoji suka yi juyin mulki na farko. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Akintola. Aka kuma kashe manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar Yakubu Pam. Mulki ya faɗa hannun Manjo-Janar Ironsi. Abin ya yi wa Murtala ciwo ƙwarai, kuma mutum ne da ba ya ɓoye fushinsa. Shi ne ya zama jagoran hafsoshin Arewa da suka yi juyin ramuwa ran 29 ga watan Yuli na wannan shekara. Aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, aka kashe hafsoshi da kuratan Ibo masu yawa a barikoki. Da farko ra'ayin Murtala a raba ƙasa kowa ya kama gabansa, abin da aka riƙa kira araba. Bayan kwanaki ana ja-in-ja a barikin Ikeja, aka shawo kansu, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa. Tun daga ranar tsakanin Murtala da Gowon sai a hankali.

Jinin da aka fara zubarwa a bariki bai tsaya a bariki ba. Ya fantsama cikin garuruwan Arewa, inda aka kashe dubban mutanen Gabas, saura suka gudu gida. Ran 6 ga watan Yuli na 1967 yaƙin basasa ya ɓarke.

Runduna ta Biyu

Cikin watan Agusta na 1967 sojojin Biyafara suka tsallako Kogin Kwara, suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, suka kai har Ore a kan hanyar Ikko. Hankalin gwamnati ya tashi. Aka ce Murtala ya haɗa Runduna ta Biyu ya tare su. Da me za a haɗa ta? Aka kwaso akawunan ofis, da masu dafa abinci, da direbobi, da tsofaffin soja da suka daɗe da ajiye kaki, da samarin da aka koya wa harbi cikin 'yan makonni. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Duk da haka Murtala ya kora abokan gaba, ya kama Binin cikin watan Satumba, ya kai bakin kogi a Asaba. Sunansa ya cika ƙasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Asaba, ran 7 ga watan Oktoba na 1967, sojojin wannan runduna sun tara mazan gari, farar hula waɗanda ba su ɗauke da makami, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, kuma har yau mutanen Asaba na taron tunawa da su. Murtala ne kwamandan rundunar, saboda haka wannan tabo yana tare da sunansa, duk ƙaunar da muke masa. Wannan kuma yana cikin abin da ke faruwa in an ba mutum bindiga ba a ba shi horo da ladabin aiki ba.

Daga Asaba ana hango Anaca a ƙetare, amma Biyafara sun karya gada. Hedkwatar soja a Ikko ta ba da shawara a zagaya ta arewa, a ƙetare ta Idah inda babu abokan gaba. Murtala ya ƙi, ya ce a tsallaka kai tsaye cikin jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da asara. Mutane da yawa ruwa ya ci su, wasu suka ƙone cikin jirage. Daga bisani dole aka bi ta Idah ɗin, aka kama Anaca cikin watan Maris na 1968. A ƙarshen wannan wata kuma, a Abagana, aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna. Wuta ta kama tankar mai, ta bi motoci kusan ɗari da ke ɗauke da mutane da albarusai. Ba da daɗewa ba Murtala ya bar fagen fama, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar, shi kuma ya koma shugabancin sashen sigina.

Jarumtaka kam babu mai musun yana da ita. Amma sauri kan haifi nawa, kuma waɗanda suka biya kuɗin gaggawarsa a bakin Kwara yaran talakawa ne irin namu, da yawansu ma ba a kawo wa iyayensu gawa ba.

Bayan yaƙi, sai ciyarwa

Yaƙi ya ƙare ran 15 ga watan Janairu na 1970. Sojan da muka ce wajen dubu 10 ne, yanzu ya kai wajen dubu 250. Cikin wata talatin ya ninka sau ashirin da wani abu. Kowane ɗaya yana da albashi, da kaki, da abinci, da magani, da iyali. Barikokin da ake da su an gina su ne don dubu goma, saboda haka sojoji suka watsu cikin gari suna haya, wasu cikin makarantu da rumfunan kwano. Rigima tsakaninsu da mutanen gari, da 'yan sanda, da direbobi ta zama ruwan dare. Mafi yawan kuɗin tsaro albashi ke cinye shi, ba sayen kayan aiki ba, kuma kuɗin tsaron nan yana cikin mafi tsoka a kasafin gwamnatin tarayya, a ƙasar da yawancin yaranta ba su zuwa makaranta.

Gowon ya ji tsoron sallamar su. Ina za a kai mutum dubu ɗari da suka iya harbi ba su da sana'a? Sai aka bar maganar. Da kuɗin man fetur suka hau daga 1973, sai aka ce a gina barikoki. Nan ne aka yi abin kunyar nan na siminti. Hukumomin gwamnati suka ba da odar siminti wajen tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka cikin shekara. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kowanne ana biyansa tarar jira kullum, siminti na daskarewa cikin jirgi, abinci da magunguna kuma sun rasa hanyar shigowa. 'Yan kwangila suka yi ƙiba, soja yana nan a ɗakin haya.

Murtala ya zama birgediya a 1971, a 1974 aka naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na tarayya. Duk abin nan a gaban idonsa aka yi.

Kwana ɗari biyu

Ran 1 ga watan Oktoba na 1974 Gowon ya janye alkawarinsa na miƙa mulki a 1976. Ran 29 ga watan Yuli na 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, wasu kanar-kanar suka hamɓarar da shi ba tare da zubar da jini ba, suka ɗora Murtala, da Obasanjo a matsayin na biyu, da Danjuma a shugabancin sojan ƙasa.

Sai ƙasa ta ga aiki. Ya sauke gwamnoni goma sha biyu, bincike ya sami goma daga cikinsu da laifin cin dukiyar jama'a. Ya soke ƙidayar 1973 mai cike da gardama. Ya kafa kwamitin binciken siminti, ya sa Shehu Musa 'Yar'aduwa, Kwamishinan Sufuri, aikin kwashe cunkoson jirage. Ya sa ranar 1 ga watan Oktoba na 1979 ta zama ranar mayar da mulki ga farar hula. Ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola duk da matsin Amurka. Ya kuma kori ma'aikata fiye da dubu 10 bisa zargin cin hanci, lalaci ko tsufa. Talakawa sun yi murna, amma gaggawar bakin Kwara ta sake bayyana: an haɗa da marasa laifi, ba a saurari kowa ba, kuma da yawa na ganin tun daga lokacin ne ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa, ya fara tara na kansa.

Sa'an nan ya taɓa abin da Gowon ya ƙi taɓawa. Gwamnatinsa ta shirya sallamar soja wajen dubu 100. Aka kuma ce hafsoshin da suka sami anini a fagen yaƙi ba tare da cikakken horo ba sai an sake tantance su, wanda bai ci ba a rage masa girma ko a sallame shi. A lissafi maganar daidai ce, domin ƙasa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin ba. Amma ga mutumin da ya bar gona ya shiga yaƙi, ya rasa abokai, yanzu a ce ya tattara ya koma ƙauye, maganar ɗaci gare ta. Cikin watan Janairu na 1976 kuma aka yi ƙarin girma: Murtala ya zama cikakken janar, Obasanjo da Danjuma suka zama laftanar-janar, aka tsallake Manjo-Janar Bisalla, Kwamishinan Tsaro, wanda a da yake gaba da Danjuma. Gunaguni ya cika barikoki.

Yadda abin ya shafi Kwali

Ana cikin haka ne maganar sabon babban birni ta nuna. Tun watan Agusta na 1975 ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Ikko za ta ci gaba da riƙe ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiya. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 Murtala ya yi wa ƙasa jawabi, ya mayar da jihohi 19, ya kuma sanar da sabon yankin babban birni mai faɗin murabba'in kilomita wajen dubu 8, wanda aka yanko daga ƙasashen Neja, Filato da Kwara. Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta tabbatar da shi. Kwali, wadda ke ƙarƙashin masarautar Abuja ta da, ta faɗa ciki. Tsohuwar Abuja ta ba da sunanta, ta koma Suleja.

Shirin farko shi ne a kwashe dukkan mazauna yankin, Gbagyi da Bassa da Ganagana da sauransu, a sake musu matsuguni a waje da kuɗin gwamnati. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta, ta ce sai wanda aikin gini ya taɓa kaɗai za a tayar. Shi ya sa masu masaukinmu suke nan a ƙasar kakanninsu, ko da yake maganar filaye da diyya ba ta mutu ba har yau. Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba na 1991, Kwali ta sami ƙaramar hukumarta a 1996. Hausawa sun daɗe suna fatauci ta wannan hanya, amma yawancinmu albarkar wancan jawabi ce ta kawo mu.

Juma'ar ƙarshe

Kwana goma bayan jawabin, ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu na 1976, Murtala ya fito da safe daga gidansa a Ikoyi zai tafi ofis a barikin Dodan. Ba jiniya, ba ayarin masu gadi, domin ya hana. Baƙar Marsandi ce ɗaya, daga shi sai dogarinsa, da direba, da odale. Motar ta tsaya cikin gosulo kusa da sakatariyar tarayya, mutanen Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Nan take ya cika, tare da dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa da direban. A Ilori kuma aka kashe gwamna, Kanar Ibrahim Taiwo. Juyin bai yi nasara ba, kafin yamma an ƙwace gidan rediyo. Aka kai gawar Murtala Kano aka yi masa sutura. Motar tana gidan tarihi na Onikan a Ikko da ramukan harsashi a jikinta.

Cikin koke-koken da aka ce sun tunzura masu juyin akwai sallamar soja, da tantance hafsoshi, da ƙarin girman nan. Ran 11 ga watan Maris aka harbe mutum 32, har da Bisalla. Ran 15 ga watan Mayu aka harbe Dimka da wasu shida. Obasanjo da Danjuma suka ci gaba da rage soja, amma a hankali, kuma aka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a ranar da Murtala ya sa. Aka sa wa filin jirgin saman Ikko sunansa, a 1977 kuma aka fito da takardar naira ashirin mai hotonsa.

Abin da za mu ɗauka

Tara soja abu ne mai sauƙi in yaƙi ya zo. Ciyar da su, zaunar da su, da sallamar su cikin mutunci shi ne jan aiki, kuma wanda ya fara gwadawa da gaske a ƙasar nan bai kai wata bakwai a kan mulki ba. Tun 2009 ana wani yaƙin a Arewa maso Gabas, ana ta ɗaukar kurata, a 2015 kuma aka sake buɗe bincike kan biliyoyin da aka ware don sayen makamai. Wanda ya san labarin siminti ba zai yi mamaki ba. Kuɗin nan na jama'a ne, daga inda za a gina asibiti da aji ake ɗebo shi, saboda haka muna da haƙƙin tambayar wakilanmu ko yana isa ga kurtun da ke daji, da gwauruwar da ya bari, da tsohon sojan da ke bin layin fansho.

Ga iyaye kuma, aikin soja aiki ne na mutunci, ba ma hana kowa. Amma yaro ya je da saninsa, ba don zaman banza ya ishe shi kawai ba. Ya gama makarantarsa tukuna, domin takarda ce ta raba Murtala da dubban da suka tsaya a kofur. Ya bi hanyar da hukuma ta shimfiɗa zuwa Difo a Zariya ko makarantar hafsoshi ta Kaduna. Ɗaukar soja kyauta ce, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa sunan yaro, ɗan damfara ne, a kai maganarsa ga shugabannin unguwa.

Allah ya jiƙan Murtala, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan yaƙi ta kowane ɓangare. Allah ya tsare mana yaranmu da ke bakin daga, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.